Ranar da Na Kira Sunan Yayanku

Na san abin da aka faɗa muku a gidan Alhaji Babba, wan babanku. An ce wata Juma'a hankalina ya gushe, na fita titi ba ko mayafi, na tsaya gaban masallaci ina zagin manya. Ke Hadiza har kin taɓa tambayata ko gaskiya ne sai da aka ɗaure ni da igiya. Ba wanda ya ɗaure ni, kuma da mayafina na fita, sabo ma, mai ruwan ƙasa. Yanzu da ido ya fara rauni, waɗanda suka ga abin kuma duk sun riga ni, bari in rubuta muku da wannan karkataccen rubutun da ku da kanku kuka koya mini. Wanda ya ga kuskuren harafi ya gyara a ransa, amma kada kowa ya gyara mini zancen.

Zamanin shugaban ƙasa Ahijo ne, jirgin ƙasa bai daɗe da fara kaiwa Ngawundare ba. Muna unguwar Briketeri a Yawunde, a gidan nan mai bishiyar mangwaro da aka rushe daga baya. Ni ba mai fita ba ce, kun sani. Shekara ashirin na yi a gidan, in ba suna ko gaisuwar mutuwa ba, ban taka titi ba, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba. Ina soya ƙuli-ƙuli, ina haɗa yaji, masu tsire suna aikowa suna saye, mata suna shigowa da labari suna fita da wani. Yawunde da kunne na san ta. Takun kowa a layinmu na san shi. Na san tarin babanku daga kan kwana, na san ƙarar kekensa na ɗinki in ransa a ɓace yake. Faransanci ma a tsakar gida na tsince shi, daga bakin masu saye da rediyon maƙwabta, ba wanda ya san ina ji.

A shekarar aka sami wasu samari da suke kwana wajen layin dogo, ta Elig-Edzoa, suna shigowa unguwa su yi abin da suka ga dama. Babbansu ana ce masa Shinuwa, saboda faɗan da ya koya a silima. Ba zan yi muku ƙarya in ce mutanen kirki ne ba. Sun fizge ɗan kunnen wata tsohuwa har da naman kunnen. Sun kifar wa Dada Aisatu, maƙwabciyarmu 'yar Garwa, tukunyar shinkafarta ta sayarwa don ta ce su biya. In aka kai su komisariya wurin 'yan sanda, kwana biyu sai ka gan su sun dawo suna fito. Da maza suka taru suka kafa 'yan sintiri, waɗanda ake ce wa komite, suka ɗora Alhaji Babba a kai, har guɗa na yi a ɗakina. Ni da hannuna na tuƙa musu tuwo ba sau ɗaya ba. Wannan ma ku rubuta shi a kaina, ban ɓoye ba.

Da farko duka suke yi su saki. Daga baya sai wata kalma ta shigo bakin maza. In an tambayi wane, sai a ce, "An raka shi." Rakiya dai da kuka sani, wadda ake yi wa baƙo har bakin hanya don girmamawa. Kwana biyu sai a tsinci mutum a rafin ƙasan unguwa, jandarmomi su zo su ɗauke, ba su tambayi kowa ba, kowa bai gaya musu komai ba. A zamanin nan mutum ba ya son hukuma ta san ko sunansa. Aka raka biyu daga yaran Shinuwa, unguwa ta yi shiru, mata suka ce alhamdu lillahi. Sannan aka raka Yakubu mai ga-ruwa. Yakubu kurma ne, duk Briketeri an sani. Wai an ce masa ya tsaya bai tsaya ba.

A nan yayanku ya shigo zancen. Ku ƙanana ba ku san yadda muke da shi ba a lokacin. Shi ne ɗana na fari, kuma sunan kakanku, mahaifin babanku, aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kaina, ta ɗan fari da ta suruki. Tun da aka yaye shi kakarku ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma har ta rasu. Gida duka Abba ake ce masa, ni ko Abban ba na faɗa. In zan ba shi abinci sai in ce, "A miƙa wa wancan." In baƙuwa ta ce, "Wannan naki ne?" sai in ce ban san shi ba, a yi dariya, ta gane. Shi kuma Adda yake ce mini kamar yayarsa, a bakinsa kuka ɗauka duk kuke kirana haka. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata ta yi. Ba ƙi ba ne. In ya yi zazzaɓi, ni ce ba na barci, sai dai ban isa in taɓa goshinsa a gaban mutane ba.

Yana da shekara goma sha tara yana da tukubarsa ta tsire a bakin titi, kuma Allah ya ba shi baki irin nawa. Ran nan 'yan komite suna tsaye suna cin tsirensa, ana hirar Yakubu, sai ya ce musu:

"Kurma kuka ce wa tsaya. Gobe sai ku ce wa makaho ya karanta muku katin ɗan ƙasa."

Mutane suka yi dariya. Kafin magariba maganar ta isa kunnen Alhaji Babba.

Bayan kamar sati biyu, ranar Alhamis, aka soki Malam Iro mai shago a hanyarsa ta zuwa sallar asuba, ya cika kafin a kai shi asibiti. Wani ya ce ya hangi dogon saurayi yana gudu. Da hantsi yayanku ya dawo daga mayankar Etudi da nama a kafaɗa, riga duk jini kamar kullum, wuƙarsa a ƙugu kamar kullum. A bakin tukuba suka kama shi, suka kulle shi a siton goro na Alhaji Babba. Suka ce ai dama yaran Shinuwa suna cin tsire a wurinsa. Wa ba ya cin tsire a wurinsa? Su ma a nan suke ci.

Ni kuwa na san inda yake da asubar. Tun kiran farko, da babanku ya fita masallaci, yake tsakar gida yana daka yajinsa. Bahago ne, taɓaryarsa ba ta sauka kamar ta kowa, biyu a jere sannan ɗaya mai nauyi. Ina kwance ina ji har aka tayar da salla, har na ce ta taga, "Ana salla wasu na daka," ya ajiye ya yi alwala a bakin rariya, ya yi sallarsa nan gindin mangwaro, ya koma kan turmi har gari ya waye tas. Ko a gaban Allah abin da zan faɗa ke nan.

Komite suna da wata doka da suke taƙama da ita, wai ba sa raka wanda nasa suka tsaya masa, sai dai su miƙa shi ga hukuma. Ni ban san da ita ba a lokacin. Bayan la'asar na ji takun mutum shida a zaure, aka ce in zo bayan labule. Akwai Alhaji Babba, akwai babanku, akwai dattawa uku 'yan asalin Kano da Zazzau da na san muryarsu tun ina amarya, akwai kuma Misye Ondowa, ɗan asalin nan garin, ba Bahaushe ba, mai kantin katako, wanda yake riƙe musu rajista don shi ya iya rubutun Faransanci. Alhaji Babba ya gyara murya ya ce:

"Uwar gida, yaron nan Abba. Naki ne, kin kuma san inda yake da asubar yau?"

Ku duba yadda ya ɗaura tambayar. A gaban wan mijina, a gaban dattawa, a tambaye ni ko ɗan farina nawa ne. Bakina ya riga hankalina, ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara goma sha tara.

"Ni ina na san shi? Ku tambayi masu shi."

Na tsaya ina jiran abin da ake yi. Bahaushe in ya ji haka murmushi yake yi, ya ce to a kira goggonsa, ko a turo tsohuwa ta shiga ɗaki ta tambaye ni mu biyu. Sai na ji Misye Ondowa ya ce me ta ce. Alhaji Babba ya amsa masa da Faransanci:

"Même sa mère ne le connaît pas."

Wato ko uwarsa ba ta san shi ba. Na ji alƙalami yana tafiya a kan takarda. Na ji ɗaya daga dattawan nan uku yana jan carbi. Na ji babanku ya yi tarin nan nasa. Suka tashi suka fita.

Misye Ondowa ban riƙe shi a raina ba, abin da aka gaya masa ya rubuta. Amma mutum biyar a zauren nan uwa Bahaushiya ce ta haife su. Alhaji Babba kansa ɗan fari ne, kakarku har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, in yana wuri ɗauke kai take yi. Ya san abin da na ce, ya san abin da nake nufi. Ya ɗauki kunyar da na yi don girmama gidansu da sunan ubansa, ya juya ta ta zama shaida a kan ɗan ƙaninsa, don yaro ya sa an yi masa dariya a bakin titi.

Duk da haka ban gane girman abin ba sai washegari Juma'a da hantsi, da Dada Aisatu ta faɗo gidan ko sallama babu. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu.

"Kai Adda, kai zauna kana soya ƙuli? Mijin ƙanwata yana cikin komite. Ya ce an rubuta uwa ya ƙi shi, uba ya yi shiru. Yau bayan isha za a raka shi."

Na ce, "Dada, kunya na yi."

Ta ce, "Mu ma Fulɓe muna da kunya, ya fi naku ma. Amma kunya ba ya shiga rafi ya ɗauko gawa. Tashi!"

Na sauke kaskon. Babanku yana ɗaki yana sa rigar Juma'a, na shiga na durƙusa kamar yadda na saba, na gaya masa duk abin da na ji da asubar Alhamis, har dakan, har alwalar. Na ce ya je ya faɗa, shi namiji ne, za a ji shi. Ya daɗe yana gyara hula.

"Yaya ya san abin da yake yi. Tsoratar da shi kawai za su yi."

"Yakubu ma tsoratar da shi aka yi?"

"Ki yi haƙuri. Ni ban isa in ƙaryata Yaya a gaban mutane ba."

"To ni zan je."

Ya juyo ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Babanku ba mugu ba ne, ina so ku riƙe wannan. Mutum ne da tun yana yaro wansa ke yi masa magana, wansa ya kawo shi Yawunde, wansa ya saya masa keken ɗinki, wansa ya nema masa aurena. Ya ce:

"In kika taka ƙofar gidan nan yau, a bakin aurenki."

Ya fita. Na zauna a bakin gado ina jin ku kuna wasa a tsakar gida, ke Hadiza kina goye da Sani, Ummi tana kuka an ƙwace mata mangwaro. Na san in na fita, ba a gidan nan zan ƙarasa rainonku ba, dangin uba ne za su riƙe ku. Na lissafa wannan sarai, kada wani ya ce muku ban lissafa ba. Ku huɗu za ku rayu ko ba ni. Shi ɗaya ba zai kwana ba. Da na ji an tayar da salla na ɗauko mayafin.

Hanyar ma ban sani ba sosai, Dada ce ta riƙe hannuna. Muka tsaya a tsallaken titi, gaban masallacin unguwa, wajen masu sayar da turare. Aka sallame, maza suka fara fitowa suna neman takalma, fararen riguna ko'ina. Na hangi Alhaji Babba tare da liman, mutane suna miƙa masa hannu. Na buɗe baki sau biyu ba abin da ya fito, don harshena bai san hanyar sunan ba. A na uku ya fito, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Haruna!"

Sunan mahaifin Alhaji Babba da babanku ne, a bakin matar ɗansa, a tsakiyar titi. Na ga babanku ya sunkuyar da kai.

"Haruna ɗana ne! Ni na haife shi, a ɗakin da ke kusa da rijiya, kwana biyu ina naƙuda. Na san shi, na san inda yake jiya da asuba, yana tsakar gidana yana daka yaji tun kiran farko har gari ya waye. A kawo Alƙur'ani in dafa. Yana kulle a siton goro, an ce yau za a raka shi. Ku da kuka fito daga salla yanzu, ku gaya mini, ina ake raka mutane? Ina aka raka Yakubu?"

Wani ya ce a kama ta, ba ta da lafiya. Dada ta ce duk wanda ya taɓa ni sai ta fasa masa kai da takalmi. Alhaji Babba ya ce da liman, a hankali, irin maganar manya, "Jiya a gaban shaidu ta ce ba ta san shi ba. Yana rubuce." Liman tsoho ne, ɗan Katsina, ba ya cikin komite amma bai taɓa hana su ba. Ya dube ni, ya dubi Alhaji.

"Yaron ɗan farinta ne?"

"Shi ne."

"Alhaji, a garinku in uwa ta ce ba ta san ɗan farinta ba, me take nufi?"

Na ji maganar tana tafiya cikin taron daga baki zuwa baki, ana juya ta da Fulatanci, ana juya ta da Faransanci. Kantin Misye Ondowa yana nan kusa, ya fito yana tambayar me ake ciki, wani ya bayyana masa. Ya koma ciki ya ɗauko rajistar, ya yage shafin a gaban kowa, ya ajiye littafin a ƙasa gaban Alhaji Babba ya ce daga yau a nemi wani marubucin. Liman ya ce a kawo mabuɗi.

Kada ku ɗauka komite ta mutu ranar. Ta ƙara fiye da shekara, an raka wasu bayan haka, yaran da iyayensu mata suke can arewa ba mai zuwa ya tsaya gaban masallaci saboda su. Wanda ya soki Malam Iro har yau ba a sani ba. Alhaji Babba ya rasu da girmansa, an cika titi a jana'izarsa, ana cewa shi ya gyara unguwa. Ni ce dai aka ce na haukace, don in ba a ce haka ba sai a amsa tambayar da na yi.

Da aka buɗe siton, warin goro da na fitsari suka fito tare. Yayanku yana kwance a kan buhuna, ido a kumbure, hannun hagun, wanda yake riƙe wuƙa da shi, ya juya ta inda hannu ba ya juyawa. Kun san yadda hannun ya zauna har yau. Aka ɗauke shi a taksi zuwa gidan wani mai ɗori a unguwar Tsinga, ni da Dada muka bi. A gaban mutane na ɗora kansa a cinyata, karo na farko tun yana shan nono. Mai ɗori yana jiƙa tsumma yana fere karare, sai yayanku ya buɗe ido ɗaya ya ce:

"Adda, ina ciki na ji mace tana kiran Haruna. Wallahi na ɗauka wani ake nema."

Na ce, "Rufe mana baki. Bakin nan ne ya kawo ka nan."

"Wa na gado?"

Dada ta fashe da dariya tana share hawaye. Mai ɗori ya ce in riƙe kafaɗar da hannu biyu, kada in saki ko ya yi ihu. Ina riƙe na ji tari a bakin ƙofa. Babanku ne, da rigar Juma'arsa, takarda a ninke a hannunsa. Na san ko ta mece ce, na san kuma wanda ya zaunar da shi ya rubuta ta. Ya tsaya yana kallon hannun ɗansa, leɓensa yana motsi.

"Yaya ya ce..."

Mai ɗori ko ɗaga kai bai yi ba. "Malam, kai ne uban? Zo ka danne mini ƙafafunsa, zan ja."

Babanku ya dubi takardar, ya dube ni. Ya sa ta a aljihu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya rungume ƙafafun yaron a ƙirjinsa. Mai ɗori ya yi bisimilla ya ja. Yayanku ya yi ƙara ɗaya, mu biyu muka danne shi, ni ta sama shi ta ƙasa, har aka gama ɗaure karan.

Takardar sai bayan magariba ya ba ni.